Mudu Ɗaya a Kasuwa Biyu: Waiwaye Kan Ƙirgar Ambaton Masana

A ƙasar Japan akwai masana biyu waɗanda in aka gutsure sunayensu yadda mujallun kimiyya suka saba, kowannensu "T. Tanaka" yake komawa. Na farko shi ne Toshikatsu Tanaka, injiniyan da ya daɗe a babbar cibiyar binciken wutar lantarki ta ƙasar kafin ya koma Jami'ar Waseda, kuma aikinsa duka a kan abin da ake lulluɓe waya da shi ne don kada wuta ta tsallake ta bi inda ba a aike ta ba. Na biyu shi ne Toshio Tanaka, likita a Osaka, abokin aikin Tadamitsu Kishimoto, mai nazarin wani sinadari na garkuwar jiki da ake kira IL-6, wanda ke rura kumburi idan ya yi yawa. Harafi ɗaya da sunan dangi ne kawai suka haɗa su. To amma manhajar da ke tattara maƙalu tana jingina su ga masu su ba ta san fuska ba, suna take gani. Abu ne mai sauƙi a wurinta ta ɗinke irin waɗannan mutane biyu a shafi guda, ta tara musu ambato, ta fitar da lamba ɗaya, har mai karatu ya riƙe baki yana mamakin gwanin da ya haɗa killace lantarki da garkuwar jiki a kai ɗaya.

Duk wanda ya zauna a jami'a a yau ya san nauyin wannan lambar. Da ita ake neman ƙarin girma, da ita ake neman kuɗin bincike, da ita ake gabatar da baƙo kafin ya hau mumbari. Abin da ba kasafai muke tunawa ba shi ne, waɗanda suka fara ƙirgar nan wata buƙata dabam ce ta kai su, kuma sai mun koma baya za mu ga inda hanya ta karkata.

Mu fara da shekarar 1665. A watan Janairu wata mujallar masana ta fito a Faris, a watan Maris kuma Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ya fara buga Philosophical Transactions, wadda har gobe tana fitowa. Kafin nan masani ko dai ya rubuta littafi, ko ya aika wasiƙa ga abokinsa, ko ya ɓoye abin da ya gano don tsoron a riga shi. Mujalla ta kawo kwanan wata da shaida: wane ne ya fara faɗa, kuma yaushe. Daga nan sannu a hankali al'adar ambaton na gaba ta kafu, marubuci ya ce wannan a wurin wane na samo, wancan kuwa na saɓa wa wane. Mu da muka taso muna jin "an karɓo daga wane, shi kuma daga wane" ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa magana tana da sawu, kuma sun san sawun ba ya wadatarwa sai an binciki amanar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, mutum bayan mutum. Wannan rabi na biyu shi ne zamaninmu ya yi sakaci da shi.

Ƙarni biyu aka yi ana ambato ta fuska ɗaya. Kana iya ganin waɗanda marubuci ya ambata a ƙarshen maƙalarsa, amma ba ka da hanyar sanin waɗanda suka zo daga baya suka ambace shi. Lauyoyin Amurka ne suka fara warware wannan, domin su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya: lauyan da ya kafa hujja da hukuncin da wata kotu ta riga ta soke ya faɗi a shari'a. A 1873 wani mai suna Frank Shepard a Cikago ya soma buga 'yan takardu masu danƙo da ake liƙawa a gefen littafin hukunce-hukunce, suna nuna kowace shari'a ta baya da ta ambaci wannan hukunci, ta ƙarfafa shi ko ta rushe shi. A ɓangaren kimiyya kuwa, ƙirgar farko da ta yi suna ta talauci ce. A 1927 wasu masana biyu masu suna Gross a Kwalejin Pomona ta Kalifoniya suka zauna suka ƙirga mujallun da aka fi ambata a cikin fitowar shekara guda ta mujallar masana kemistiri ta Amurka, don ƙaramin laburare mai ƙaramin kasafi ya san waɗanda zai saya. Mujallu suka auna, kuma don mai sayen littattafai suka yi.

Mutumin da ya haɗa waɗannan igiyoyi biyu shi ne Eugene Garfield, haifaffen New York a 1925, wanda ya karanta kemistiri amma zuciyarsa ta tafi ga tsara bayanai. Yana aiki a wani shirin tsara fihirisar maƙalun likitanci a Jami'ar Johns Hopkins sai ya sami wasiƙa a 1953 daga William Adair, tsohon babban ma'aikacin kamfanin Shepard, yana ba shi labarin yadda lauyoyi ke yi. A watan Yulin 1955 Garfield ya fitar da shawararsa a mujallar Science. Wanda ya karanta ta zai ga babban abin da ya dame shi shi ne yadda masana ke ci gaba da dogara da binciken da an riga an gano kurensa, saboda gyaran yana can binne a wata mujalla ba su gani ba. Kundin ambato zai ba mai bincike damar ya riƙe tsohuwar maƙala ya bi sawunta zuwa gaba, ya ga wanda ya gyara ta da wanda ya gina a kanta. Garfield ya fara sana'arsa a wani tsohon akurkin kaji da aka gyara a New Jersey. Joshua Lederberg, wanda ya ci kyautar Nobel a 1958, ya mara masa baya har aka sami kuɗin gwaji a fannin ilimin gado. A 1960 kamfaninsa ya ɗauki sunan da aka san shi da shi, ISI, a Filadelfiya, kuma a 1964 kundin Science Citation Index ya fara fitowa a kai a kai. Zubin gwaji da ya gabace shi, na maƙalun 1961, mujallu 613 ya ƙunsa.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba fannonin nan biyu, killace lantarki da garkuwar jiki, mu ga a wane hali kundin ya iske kowannensu, domin bambancin da muke gani yau tun daga tushe yake.

Ilimin killace lantarki a cikin teku aka haife shi, kuma asara ce ta yi masa wankan jego. A shekarun 1840 aka gane cewa ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya mai suna gutta-percha yana hana wuta fita ko da a cikin ruwa, sai aka fara lulluɓe wayar tangaraho da shi. Wayar farko tsakanin Ingila da Faransa a 1850 ba ta kai ko'ina ba, ta 1851 ce ta zauna. A watan Agustan 1858 aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin tekun Atilantika, aka yi biki, saƙon Sarauniya Victoria zuwa ga Shugaba Buchanan ya ɗauki kimanin sa'o'i 16 kafin ya gama isa, sannan bayan makonni uku wayar ta mutu. Mai kula da wutar kamfanin da ya shimfiɗa wayar, Wildman Whitehouse, ya tura mata ƙarfin da ya kai wajen bolt 2,000, rufin da dama yana da rauni ya fashe. Kwamitin binciken da aka kafa ya fitar da rahoto a 1861, kuma daga wannan rahoto da aikin William Thomson aka koyi auna juriyar rufi kafin a jefa waya a ruwa. A 1866 jirgin Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore. Tun daga ranar, hukuncin wannan fanni a hannun wayar yake: ta riƙe ko ta fashe.

Haka aka ci gaba. Ferranti ya naɗe waya da takarda mai jiƙe da kakin ma'adinai, ya tura bolt 10,000 daga Deptford zuwa tsakiyar Landan a wajen 1890. Baekeland ya ƙirƙiro robar Bakelite a 1907. A 1933 masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Fawcett da Gibson, suka yi kiciɓis da folitin, dangin ledar nan da muke zuba cefane, wadda ta lulluɓe wayoyin na'urar hango jiragen sama a yaƙin duniya na biyu. A 1963 kamfanin General Electric ya gano yadda za a sarƙe zarurrukanta don ta jure zafi, irin rufin da ke kan yawancin manyan wayoyin ƙarƙashin ƙasa a yau. An ɗauka an huta, sai a 1969 aka ba da rahoto daga Japan cewa danshi yana ratsa wannan leda a hankali, yana yin rassa kamar bishiya a cikinta, har bayan shekaru wayar ta fashe. Dubi irin wannan tambaya: kana son sanin ko abu zai yi shekara talatin ko arba'in a binne, dole gwajinka ya ɗauki watanni ko shekaru. Masu wannan aiki kuma 'yan kaɗan ne, yawancinsu a kamfanonin waya da na rarraba wuta, suna haɗuwa a tarukan CIGRE da aka kafa a Faris a 1921, suna zuba sakamakonsu a rahotannin taro, da takardun mallakar fasaha, da ƙa'idojin aiki na hukumar IEC da aka kafa a 1906. Babu ɗaya cikin waɗannan da kundin Garfield ya tanadar wa mazauni na kirki.

Garkuwar jiki kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Jenner ya gwada rigakafin agana a 1796, Behring da Kitasato suka nuna a 1890 cewa ruwan jinin dabbar da ta warke yana kare wata, kuma maganin mashaƙo da ya biyo baya shi ya ba Behring kyautar Nobel ta farko a likitanci a 1901. Mujallar Journal of Immunology ta fara fitowa a 1916. Ya kamata mu lura da wani abu a nan: tunanin da ya fi kowane juya wannan fanni, wato bayanin Macfarlane Burnet na yadda jiki ke zaɓen ƙwayar da ta dace da cuta ya hayayyafa ta, a 1957 ya fito cikin 'yan shafuka a wata mujallar Ostareliya da ba ta da wani suna a duniya. Da ma'aunin yau aka auna mujallar, da kwamiti bai ba shi maki mai yawa ba. Bayan yaƙin duniya kuɗin binciken lafiya ya kwararo, musamman a Amurka, ɗakunan gwaji suka yawaita. A 1975 Köhler da Milstein a Kambirij suka samar da hanyar yin antibodi iri ɗaya tsantsa, dubban masu bincike suka ɗauka. A 1986 Kishimoto da Toshio Hirano suka tsamo ƙwayar gadon IL-6, aikin da ya kai ga maganin tocilizumab, wanda Japan ta amince da shi a 2005, daga baya ya zama magani ga masu amosanin gaɓɓai, har aka yi amfani da shi ga masu tsananin korona. Har ƙasarmu ta sa hannu a wannan tarihi: a Zariya ne, a Jami'ar Ahmadu Bello, Brian Greenwood da abokan aikinsa suka nuna a farkon shekarun 1970 cewa zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar yara. Fanni ne mai ɗimbin jama'a, mai gwajin da ke ƙarewa cikin makonni, kuma maƙala ɗaya takan jero sunayen wasu hamsin ko fiye a ƙarshenta. Inda masu ambato suka yi yawa, ambato zai yi yawa.

Kundin yana fitowa sai masana halayyar al'umma suka ga taska. Derek de Solla Price ya riga ya lissafa a littafinsa na 1963 cewa kimiyya tana ninkawa duk shekara goma zuwa goma sha biyar, kuma mafi yawan masanan da aka taɓa yi a duniya suna raye a lokacin. Robert Merton ya nuna a 1968 cewa yabo yana bin wanda ya riga ya yi suna, ko da aikin na ƙaramin da ke bayansa ne, abin da mu za mu kira ƙara wa Barno dawaki. Waɗannan gargaɗi ne, kuma tun da wuri aka yi su.

Mahaɗar da ta canza komai ta zo ne daga cikin gida. Garfield da abokin aikinsa Irving Sher suna buƙatar hanyar zaɓen mujallun da za su shiga kundin, ba tare da manya masu yawan shafuka sun danne ƙanana ba. Sai suka ƙirƙiro ma'aunin tasirin mujalla: a ƙirga ambaton da maƙalun shekaru biyun da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Daga 1975 aka fara buga jadawalin kowace shekara. Shekara biyu ta dace da fannin da ke gudu kamar garkuwar jiki. Ga fannin da gwajinsa ɗaya kan cinye shekara biyun, kafin a fara ambaton maƙala an riga an rufe littafin ƙirga. Misalin da ke taɓa ni shi ne na T. J. Lewis na Bangor a Wales. A 1994 ya rubuta cewa idan aka cuɗa roba da ƙwayoyin gari masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan na mita, to iyakar da ke tsakanin ƙwayar da robar ita za ta mallaki halin rufin. Maƙalar ta yi shekaru ba a waiwaye ta sosai ba, sai a farkon shekarun 2000 gwaje-gwajen Nelson da Fothergill suka farkar da ita, a 2005 kuma Toshikatsu Tanaka ya fito da bayaninsa na ɓawo-ɓawon da ke kewaye kowace ƙwaya, fanni sukutum ya tashi. A ma'aunin shekara biyu, maƙalar da ta haifi fannin kusan ba ta taɓuka komai ba.

Akwai kuma tasirin da ba ya barin sawu a takarda ko kaɗan. Michel Duval, masani a cibiyar binciken kamfanin wuta na Kwibek a Kanada, ya zana wani alwatika a shekarun 1970: a ɗebi man taransifoma, a auna iskoki uku da suka narke a ciki, a duba inda suka faɗa a zanen, a san ko zafi ne ke cin ta ko tartsatsi. Zanen ya shiga ƙa'idar IEC, kuma injiniyoyi a faɗin duniya suna amfani da shi kullum. Duk taransifomar da aka ceto da shi, unguwa ce ba ta kwana a duhu ba, amma injiniyan da ya duba zanen ba maƙala zai rubuta ba, rahoton gyara zai cika. Mu da muka san abin da ake nufi in an ce taransifomar unguwa ta ƙone, bai kamata a yi mana dogon bayani kan darajar wannan aiki ba.

A ɗaya ɓangaren, abin da ke tara ambato mafi yawa sau da yawa hanyar aiki ce. Da mujallar Nature ta jera maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi a 2014, ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan yadda ake auna furotin, da ambato sama da 300,000, alhali maƙalar Watson da Crick kan siffar ƙwayar gado ba ta shiga ɗarin ba. A garkuwar jiki ma, hanyar da Tim Mosmann ya bayyana a 1983 ta ƙirga ƙwayoyin da ke raye ta canjin launi ta tara dubun-dubatar ambato. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai, ba mai ja. Abin da suke nuna mana shi ne ambato yana auna yawan hannun da ya taɓa abu, kuma hakan dabam yake da zurfin abin.

Duk da haka, muddin kundin yana jibge a kan kantar laburare cikin manyan mujalladai masu ƙananan haruffa, wahalar ƙirga ta kare mutane. Intanet ce ta cire wannan shinge. Kamfanin Thomson ya sayi ISI a 1992, Web of Science ya hau intanet a 1997, jadawalin jami'o'in duniya na Shanghai ya fito a 2003 yana ƙirga masanan da aka fi ambata, sannan a watan Nuwamban 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana kusan tare. Shekara guda bayan haka Jorge Hirsch, masanin fiziks a San Diego, ya kawo ma'aunin da ke ɗauke da harafin h: idan kana da maƙalu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20, lambarka 20 ce. Sauƙinsa ne ya sayar da shi. Abin lura shi ne Hirsch da kansa, a maƙalar farkon, ya nuna cewa fanni da fanni ba ɗaya ba ne. Mafi girma da ya samu a fiziks shi ne Edward Witten da 110, amma a kimiyyar rayuwa Solomon Snyder yana da 191, kuma a cikin goman farko akwai Kishimoto na Osaka da 134. Ya ce lamba ɗaya ba za ta taɓa wadatar da bayanin mutum ba. An ɗauki lambar, an bar sharaɗin. Da Google Scholar ya buɗe wa kowa shafin kansa a 2011, lambar ta koma kamar hula, kowa da tasa a ka.

Tazarar kuwa sai ƙaruwa take. A shekarar da korona ta cika mujallu, ma'aunin tasirin Nature Reviews Immunology ya haura 100, yayin da babbar mujallar killace lantarki ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ba ta kai 5 ba. Kowacce ita ce ƙololuwa a gidanta. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu suna ya tara, girma bai tara ba, kuma ba a cewa manomin da aka auna wa da babban mudu rago ne don adadinsa ya fito kaɗan. Ko a cikin mujalla guda ma, Per Seglen ya nuna a shekarun 1990 cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalu ne ke kawo rabin ambaton, don haka sunan mujalla ba ya gaya maka komai tabbatacce game da maƙalar da ke hannunka. Garfield ya sha nanata cewa bai yi ma'aunin don auna mutum ɗaya ba, har ya rasu a 2017.

Da lamba ta zama abinci, sai aka fara noma ta. A 2010 Cyril Labbé a Faransa ya ƙirƙiri masanin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta rubuta masa maƙalu kusan ɗari marasa ma'ana suna ambaton juna, Google Scholar ya ba shi lamba 94. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar da aka cika da kurakurai da gangan ga mujallu 304 masu karɓar kuɗi, 157 suka amince za su buga. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000, mafi yawansu daga kamfanin ɗab'i guda. A daidai lokacin da wannan ciniki ke bunƙasa, Katalin Karikó, 'yar asalin Hungari, wadda aka rage wa matsayi a jami'arta a 1995 saboda rashin samun kuɗin bincike, ta fitar da maƙala tare da Drew Weissman a mujallar Immunity a 2005 kan yadda za a gyara mRNA don kada garkuwar jiki ta far masa. Shekaru aka yi 'yan ƙalilan ne suka kula. A kan wannan aiki aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, kuma a 2023 aka ba su Nobel. Ashe ko a fannin da ambato ke zuba kamar ruwan Agusta, ƙirga tana iya wuce zinariya ba ta gani ba.

Gyara ya fara, kodayake a hankali. A watan Disamban 2012 editoci da masana suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar da aka sani da DORA, wadda ke cewa kada a auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. A 2015 masana daga Leiden ta Holan da abokansu suka fitar da ƙa'idoji goma, cikinsu har da cewa a yi la'akari da bambancin fannoni, kuma a kare binciken da ya shafi matsalar gida. A 2020 hukumomin Sin suka umarci jami'o'insu su daina biyan lada a kan yawan maƙalu, kuma a shekarar ne Hirsch ya rubuta cewa ma'auninsa na iya yin mummunan kuskure, ya kuma haifar da illar da bai yi nufi ba. Matsalar suna ma ta sami magani tun Oktoban 2012, da aka buɗe ORCID, lamba mai gurbi 16 da ke bin mai bincike duk inda ya buga.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Tanaka nawa ne a Japan, kuma "M. Abubakar" da "A. Ibrahim" da "U. Muhammad" nawa ne tsakanin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram? Ga mutum ɗaya ya rubuta Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, ya sa sunan garinsu a ta uku, sai aikinsa ya tarwatse gida uku, ko a haɗa masa da na wani da bai taɓa gani ba. Ga kuma mujallunmu na gida, waɗanda da yawansu sai a dandalin African Journals Online da aka fara a 1998 ake samunsu, manyan kundayen ba su ɗauke su ba. Wanda ya yi shekara uku yana nazarin yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tangaran ɗin turakun wuta har raɓa ta sa wuta ta tsallake, masu ambatonsa ba za su taɓa kai na abokinsa da ke nazarin garkuwar jiki ba, alhali tebur ɗaya za su zauna a gaban kwamiti ɗaya, da jadawalin maki ɗaya. Ina ganin wannan zalunci ne da ba a yi niyya ba, kuma yana koya wa matasa su guji tambayoyin da suka fi damun ƙasarsu.

Ga matashin mai bincike, ka zaɓi rubutun suna ɗaya ka tsaya a kansa, ka yi rajistar ORCID, ka duba shafinka ka cire duk maƙalar da ba taka ba ko da za ta rage maka lamba. Ga malamanmu da ke zama a kwamitocin ƙarin girma kuwa, roƙona shi ne ku nemi kowane mai nema ya zaɓo maƙalu uku ko huɗu da yake tsaye a kansu, ku ba masanin fanninsa ya karanta su daga farko har ƙarshe, ku kwatanta injiniya da injiniyoyi, likita da likitoci, sannan ku tambaye shi abin da aikin ya gyara.